Buhun Shinkafa a Kujerar Direba

Ranar da Abdul-Hanan ya fara shiga shagon Alhaji Sulaimanu da ke unguwar Highbridge ta Bronx, buhun shinkafa uku ya nema, bai ko tambayi irinta ba. Nauyin da aka rubuta a jiki kawai ya duba.

Firdaoussi, ɗiyar mai shagon, ta ɗago kai. "Biki ne ko suna?"

"Direba nake nema."

Sai ya yi mata bayani. Shi makanike ne, ɗan Zangon Kumasi. Yana da tsohuwar mota da yake kaiwa filin tsere a New Jersey, inda motoci biyu ke tashi daga tsaye su miƙe. A wannan tseren tashin farko ne komai. Idan taya ta tsaya juyi tana hayaƙi ba ta kama ƙasa ba, an sha kaye. Shi ya sa yake ɗora motar kan sikeli yana daidaita sifirin da shokozoba, ƙarafan da ke riƙe nauyin mota a kan tayoyi. To ba dama ya zauna a kujera kuma ya kwanta ƙarƙashin mota, sai shinkafa mai nauyin jikinsa ta zauna a madadinsa.

"Har bel ɗin kujera za ka ɗaura mata?"

"Har bel."

Dariyarta ta bi shi har gareji. Kafin shinkafar ta tafi sadaka masallaci, saƙonnin waya sun fara yawo tsakaninsu.

"Fiddo, yau na sassauta gaban motar kaɗan. Ki ga yadda take zama, kamar an yi mata tarbiyya."

"Makanikena, ka ci abinci dai, ko ita kaɗai ke da gata?"

"Ke ce da gatan. Ita haƙuri take koya mini."

Akwai Alkasim, mai kawo wa shagon kaya, wanda ya daɗe da sa ido a kan Firdaoussi. Shi ya tsegunta wa Alhaji cewa yaron nan da ransa yake wasa duk Asabar.

Alhaji, mutumin Maraɗi, ba ya dogon zance. "Ba ni bada ɗiyata ta shiga takaba da lalle a hannu."

Ya hana ta kula yaron, ta bi umarni ta daina amsa waya. Abdul-Hanan ya ɗauka Alkasim ta zaɓa, ya aiko saƙo ɗaya: "In shi ne alheri, Allah ya sanya albarka." Ta karanta, ta je ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ka je ka gani da idonka sau ɗaya. In ka ce a'a bayan nan, na haƙura."

Ranar Asabar suka je. Alhaji ya tsaya da hannu a baya yana kallon Abdul-Hanan yana rage iskar tayoyin baya, yana matsa su da babban yatsa, ba gaggawa.

Fitila ta yi kore. Motar ta duƙa baya kamar rago zai yi karo, tayoyin suka yamutse suka cafke ƙasa, na gaba suka ɗaga sama. Ƙarar ta daki ƙirjinsu kafin ta isa kunne. Ba hayaƙi, ba karkata. Kafin Firdaoussi ta saki numfashi motar ta zama ɗigo a can nesa.

"Subhanallahi," in ji Alhaji a hankali. "Ƙarfe ne wannan?"

Haka Abdul-Hanan ya yi ta ci har zagayen ƙarshe. Ana kiran sunansa ya tsuguna bayan motar ya shafa shokozobar hagu. Yatsansa ya fito da maiƙo, alamar tana yoyo. Abokansa suka ce tashi ɗaya ne fa ya rage, babu abin da zai faru. Ya dubi Alhaji, ya dubi Firdaoussi, ya cire hular kwano. Abokin karawarsa ya yi gudun shi kaɗai ya ɗauki kofi.

Alhaji ya matso. "Saboda wannan ɗan ɗigon?"

"E, Baba. In gefe ɗaya ya zauna ɗaya bai zauna ba, motar za ta ja gefe. Kuma akwai mutum a ɗayan layin, yana da iyali."

Sai da suka hau gadar komawa Bronx Alhaji ya gyara murya.

"Firdaoussi."

"Na'am, Baba."

"Ki ce ya turo manyanshi."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. 'Yan Nijar da 'yan Ghana suka cika masallaci har bakin titi, ana raba goro da dabino. Da aka shafa fatiha, Alhaji ya kama hannun angon, hannun da baƙin mai bai gama fita daga faratansa ba, ya riƙe ya daɗe.

"Na ba ka amana, ɗana. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a ɗayyiba."

Jama'a suka amsa da amin. A ɓangaren mata Firdaoussi ta ja mayafi ta rufe fuska, tana amsawa a hankali.