Majanyin 'Yar Fari

Na zo garin nan ne in ɗauki jikana in koma gida. Ba zama ya kawo ni ba.

Shekarar da mura ta yi ta kwasar mutane ce, bayan yaƙin Turawa. Wani falke ya tsaya ƙofar gidanmu a Bungudu ya ce 'yata ta rasu, mijinta Yari ya riga ta da 'yan kwanaki, an bar jariri a hannun maƙwabta. Na bi ayarin masu gishiri. Muka ratsa Gusau, muka wuce 'Yandoto, muka kwana Tsafe, har muka iso nan inda ƙasar Zamfara ta ƙare. In ka hau ganuwa kana hango tarin duwatsun da Bature ya sa aka jera. Bayansu ƙasar Katsina ce.

'Yar fari ce a gare ni, saboda haka ban taɓa kiran sunanta ba. Haka muka gada. Ana yaye ta kakarta ta ɗauke ta. In ta gaishe ni, ina kallon ƙasa nake amsawa. Ranar da aka kai ta ɗakin miji ma bayan rumbu na ɓuya na yi kukana.

Lami, maƙwabciyarta, ita ke shayar da yaron tare da nata. Usman sunansa. A gida kuwa matar ɗana na da goyo, ta ce in kawo shi. Ranar da zan tafi Lami ta fito da wani majanyi saƙi, baƙi mai ratsin fari.

"Inna Luba, kayan Ma'u duk mun wanke. Wanga kaɗai ya ɓuya, sai yau munka gane shi ƙarƙashin tabarma. Bari in kai shi rijiya."

Na karɓa na kai hanci. Man shanu, hayaƙin murhu, nono, da ƙamshin jikinta. Abin da ban yarda na shaƙa ba tana raye.

Na ce, "Bar shi, ni zan wanke a gida."

Ta dube ni. "To kada ki bi Ƙofar Yamma da shi. Ta nan anka fidda ta. A garin ga, wanda ya ɗauki abin mamaci ta gabas yake fita, ya kewayo."

"Mamaci ba ya tashi, Lami."

"Ba ya tashi, Inna. Amma akwai masu zama gindin tsamiyar maƙabarta. Ƙamshi suke bi."

Ayarin da zan bi ya sauka a zango, ƙetaren rafi ta yamma, kuma madugu ya ce wanda bai kwana zango ba, za a bar shi. Sallama da mutane ta cinye mini yini. Kafin in farga rana ta yi ja. Hanyar gabas sai ka taka ƙasar Katsina, ka ratsa fadama, sannan ka kewayo. Ta yamma kuwa ga hayaƙin zango nan ana gani.

Na goya Usman da majanyin, na rufa mayafina a kai, na nufi Ƙofar Yamma.

Labbo mai ƙofa, wani tsoho mai haƙori ɗaya, yana zuba ruwa a buta.

"A'a! Tsohuwa ta sace ango za ta gudu!"

"Mijina ne, Baba. Kai ka yi tsufa."

Ya yi dariya, sannan ya rage murya. "Babu abin mamaciya a jikinku?"

"Sai ɗanta."

"To ɗaga ƙafa. Da an kira magariba nake jan ƙyaure."

Hanya ce siririya tsakanin karan dawa da aka girbe. A dama ga tsamiya, ƙarƙashinta sababbin kaburbura birjik, an danne su da ƙaya. Ban san wanne ne nata ba. Na yi addu'a ina tafiya, ban tsaya ba. Usman ya fara kuka. Ina jijjiga shi, ina jin kukan jakai daga zango.

Na yi tafiyar da ta isa ta kai ni rafi. Na ɗaga kai.

Tsamiya a damana.

Na ce ko wata ce. Amma ga ƙayar, ga fasasshen tulun da na gani ɗazu. Na ƙara sauri. Hayaƙin zango yana nan inda yake, bai matso ba.

Daga bayana na ji ladan. Sannan ƙarar ƙyaure, da faɗuwar gungumen da ake tokare shi.

Jakai suka yi shiru. Gyare ma ya yi shiru. Ba na jin komai sai takuna da kukan yaro.

Tsamiya kuma.

Sai kukan ya yanke, kamar an toshe bakin tulu.

Ƙamshin ya taso, ya fi na ɗazu ƙarfi. Man shanu. Hayaƙi. Nono mai ɗumi. Na ji danshi yana bin gadon bayana.

Sannan na ji wani sauti daidai bayan kunnena. Duk wadda ta haihu ta san shi.

Tsotso.

Yana tsotsa, yana haɗiya, yana ɗan gurnanin jariri mai jin daɗi.

Na tsaya cak. Ban waiga ba. Numfashi mai sanyi yana sauka a wuyana, kamar na wadda ta duƙo kan goyon.

"Inna."

Muryarta ce. Har da ɗan kaucewar harshen da take yi tun tana ƙarama.

"Inna, kin zo ba ki gaishe ni ba."

Na fara Ƙulhuwallahu. Daga ita sai Falaƙi da Nasi na iya da kyau. Harshena ya yi nauyi kamar an jiƙa tsumma.

"Ba ki taɓa kirana ba, Inna. Kira ni. Sau ɗaya."

Wallahi sunan ya taso har maƙogwarona. Shekaru yana zaune a nan. Leɓuna suka haɗu za su fara.

Sai na ji goyon yana sauƙi.

Kamar tulu mai yoyo. Ƙafafunsa da ke dafe da ƙuguna suka saki.

Na kai hannu ga ƙullin majanyi. Ya ɗaure tam, ya jiƙe, ya ƙi motsi. Na ja, farcena ya karye. Na duƙa na sa haƙori. Ɗanɗanon nono ya cika mini baki, mai sanyi kamar ruwan randa.

Zare ya tsinke.

Na zamo da yaron ta ƙarƙashin hammata. Aka riƙe ƙafarsa.

Na ja. Aka ja.

Da ɗayan hannun na fizge majanyin na wurga wajen tsamiya. Bai faɗi ƙasa ba. Ya tsaya a iska, ya naɗe, kamar an rungume shi.

Aka saki ƙafar.

Na ruga. Ban nufi zango ba, na nufi inda na ji ladan. Kara yana yankar ƙafata. Usman a ƙirjina tsirara, ba ya motsi. Na faɗa kan ƙyaure ina duka.

"Baba Labbo! Buɗe!"

Can ya yi magana ta tsagar itace, da raɗa.

"Wa ke nan?"

"Luba ce!"

"Ɗazu ma wata ta ce haka. Karanta Nasi."

Na karanta, ina haki, ina tuntuɓe. A bayana wani abu yana jan ƙafa cikin kara, ba ya gaggawa.

"Inna."

Gungume ya motsa. Hannu ya fito ya cafke ni ya jawo ciki. Labbo ya mayar da ƙyaure ya jingina bayansa. Ya ɗebo ruwan buta ya tofa ya watsa wa yaron.

Usman ya yi atishawa. Ya amayo wani abu fari mai sanyi a wuyana. Sannan ya tsala kuka.

Ayari ya tafi ba ni. Da yaron ya murmure na sake gwadawa, ta gabas, da hantsi, liman ya yi mana rakiya. Muna wuce duwatsun Bature jikinsa ya yi sanyi, idonsa ya juye. Muna juyowa ya farfaɗo. Na sake gwadawa bayan an yaye shi, na sake da ya fara gudu. Daga nan na daina. Ɗana ya zo daga Bungudu ya roƙe ni in bar wa Lami yaron in koma. Na ce ya gaida gida.

Ɗakinta nake zaune yanzu. Ina kaɗi, ina sayar da daddawa ranar kasuwa ga Katsinawa masu ƙetarowa. Masu zuwa jana'iza sun ce majanyin yana nan rataye a reshen tsamiya. Damina ta yi ta wucewa a kansa bai ruɓe ba.

Jiya da magariba, ana jan ƙyaure, Usman ya zo ya zauna kan cinyata.

"Kaka, mi ne sunan innata?"

Na ce ya bari gari ya waye ya tambayi Lami.

Yanzu ba kunya ke hana ni faɗa ba. Bangon ɗakin nan a jikin ganuwa yake, kuma na san akwai mai saurare.