Minti Goma a Ƙarƙashin Jirgin Kawu Pandu

Sau biyu manyan Vuai suka zo neman auren yayata Miza, sau biyu Mama ta sallame su. A karo na uku sai Vuai ya zo da kansa. Da hantsi ne, Mama tana tsakar gida tana juya kanumfari a kan tabarma, ni kuma ina bakin ƙofa ina ɗinkin raga. Ya yi sallama, ya durƙusa, da wani ƙaton kifi a hannunsa.

"Mama, barka da hantsi."

"Uwarka tana can garin Wete," in ji Mama, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ni uku na haifa, teku ya ci ɗaya. Ajiye kifinka can, kyanwa tana jira."

"Mama, don Allah ki saurare ni..."

"Na saurare ka ranar da ka ɗora wa ɗana tukunyar iska a baya! Ka koya masa hanyar zuwa, ba ka koya masa ta dawowa ba. Tashi ka ba ni wuri!"

Ya ajiye kifin a hankali, ya fita. Daga cikin ɗaki na ji shesshekar Miza. Ta fito idanunta jajawur, ta zube gaban Mama.

"Mama, ba shi ya kashe Yaya Faki ba, wallahi ba shi ba ne!"

"Ban ce ya sa masa wuƙa ba. Amma na yi makokin mai nutso ɗaya, ba zan zauna in ga 'yata cikin takaba ba. Ki kawo manomi, ki kawo mai dukan ƙarfe, ki kawo ko mai wankin babur. Wanda ƙafarsa take a ƙasa kawai nake so."

Yaya Faki shi ne babbanmu. Shi da Vuai tare suka tashi, tare suka sha bulalar makarantar allo. Vuai ya sami aiki a wani otal da ke bakin ruwa, aka sa shi kwas, ya ci satifiket, ya zama mai raka baƙin da ke zuwa tsibirinmu na Pemba hutu su nutsa su ga murjani da kifaye. Wata rana ya goya wa Yaya tukunya a ruwa marar zurfi, don wasa. Shi ke nan ƙasan teku ya shiga ran Yaya. Ya sayi tsohuwar tukunya, ya bi masu tsintar jongo, wannan abin mai kama da kokwamba da ke kwance a ƙasan teku. Su kuwa sau huɗu suke sauka a rana, can ƙasa inda haske ke ƙarewa. Kuma a wurinsu namiji shi ne wanda ya faso ruwa kamar kibiya. Wanda ya yi jinkiri a hanya, dariya ake masa, a ce matan ruwa sun riƙe masa wando.

Ranar da abin ya faru, Yaya ya fito yana dariya. Ya ci rogo da kifi. Sai ya ce gwiwarsa tana cizonsa. Kafin la'asar ƙafafunsa sun mutu. Tsofaffi suka ce mutanen ruwa ne suka taɓa shi, aka tona yashi mai zafi aka binne shi zuwa wuya, aka kunna turare. Ni na riƙe kansa. Kafin rana ta faɗi ya cika.

Vuai yana wani tsibiri da baƙi, sai bayan jana'iza ya iso. A wurin zaman makoki ya yi kuskuren faɗin gaskiya da wuri.

"Ba aljani ba ne, gaggawa ce. Jinin mai nutso kamar lemon kwalba yake. In ka buɗe a hankali, lafiya. In ka fizge murfin, kumfa ta tashi. Kuma zafin yashin nan ƙara ta yake yi."

"Ji ɗan otal!" in ji Kawu Pandu, ƙanen Mama. "Jiya-jiya aka yi maka kaciya, yau za ka koya mana teku?"

Tun daga ranar ƙofarmu ta rufe masa. Shekara biyu, kowace Juma'a sai ya aje kifi a bakin ƙofa. Kyanwarmu ta yi ƙiba har ta daina kallon ɓera.

Miza kuwa lalle take yi wa baƙi a otal ɗin, a wata rumfa kusa da inda Vuai ke koya musu dokokin nutso kafin su shiga jirgi. Ta ji darasin nan ya fi sau ɗari, har ta haddace. A makon da nake ba ku labari, akwai wasu mata da miji daga Arusha, Madam Neema da Mista Lyimo, sun zo hutun cika shekara goma da aure. Madam ta iya nutso kamar kifi. Mista kuwa da jirgi ya motsa sai ya rungumi bokiti. Madam ta ga yadda Miza ke satar kallon Vuai har lalle ya karkace, ta tambaya, ta ji labari.

"Haba ƙanwata, shekara biyu? Ku tsallaka birnin Dar mana, ku ɗaura abinku! Tsohuwa za ta huce."

"A'a, Anti. Uwar da ta rasa ɗa ba a ƙara mata da rasa 'ya. Zan jira."

"In ta ƙi har abada fa?"

"To na jira har abada," in ji Miza, tana murmushi hawaye na zuba.

Ni kuwa, Shaame autan gidan, ba wanda ya tambaye ni yadda nake. A ɗakin Yaya nake kwana, tukunyarsa tana ƙarƙashin gado. Na bar makaranta a aji biyu na sakandare, ban iya dogon bayani ba, amma na san akwai wani abu da ya tsaya min a ƙirji tun ranar da na riƙe kansa. So nake in ga abin da idonsa ya gani na ƙarshe. Sau uku kacal na taɓa goya tukunya, a ruwa iya kai. Duk da haka na kai ta wurin masu jongo aka cika min, ranar Laraba da safe na ɗauki ƙaramin kwale-kwale na nufi Bakin Rami, inda dutsen murjani yake yankewa ya faɗa cikin shuɗi.

Na sauka.

Ban san Allah ya ɓoye irin wannan lambu a ƙarƙashinmu ba. Murjani kamar ƙahonin barewa, wani kamar faifai, wani kamar kabeji. Ƙananan kifaye ja suna zuba a kaina kamar furen da iska ta kaɗo. Wata kififiya ta wuce ni a natse, kamar tsohuwa za ta gidan suna. Ba a jin komai sai numfashina. Na ci gaba da sauka, ja ya ɓace, rawaya ta ɓace, saura shuɗi kawai. Na zauna a wani ɗan tudu na yashi ina kuka a cikin gilashin nutso da ke fuskata. Na ce, Yaya, ashe nan kake zuwa. Na yafe masa tafiyar da ya yi bai yi mana sallama ba. Ban san tsawon lokacin da na yi ba.

Sai iska ta fara yi min rowa. Na ja, kaɗan ta zo. Na sake ja, babu.

Na daka tsalle zan yi sama. Sai na ji an cafke igiyar tukunyar da ke kafaɗata. Vuai ne. Ashe ranar nan ya kawo baƙinsa, su Madam Neema, ya hango kumfata tana tasowa daga inda bai kamata mutum ya kasance ba, ya miƙa su ga abokin aikinsa, ya biyo ni. Ya cusa min bututun iskarsa na biyu a baki. Na sha iska kamar mai buɗa baki. Amma tsoro ya riga ya hau kaina, sama kawai nake so. Shi kuwa ya riƙe ni gam, muna tashi a hankali, ƙananan kumfa ma suna wuce mu. Da muka zo kamar mita biyar, ina ganin ƙasan jirage biyu da kwale-kwalena a samanmu, ina ganin rana tana rawa, sai ya tsaya cak. Ya buɗe min yatsunsa goma.

Na doke shi. Na yakushe shi a fuska, na shure shi a ciki. Bai sake ni ba, bai kuma rama ba. Idonsa kawai yake cikin nawa.

Abin da ya faru a sama, daga baya aka ba ni labari. Miza ce ta ga babu tukunya a ƙarƙashin gado, ta gane Bakin Rami na nufa, inda Yaya yake sauka. Ita da Mama suka faɗa jirgin Kawu Pandu, ya ba injin wuta. Suna isowa, ruwan garau kamar gilashi, Mama ta leƙa ta ga ɗanta yana fafutukar fitowa, mutumin da ta kora yana danne shi.

"Wayyo Allah! Ya riƙe shi! Pandu, zai kashe min shi, ramuwa yake yi!"

Kawu ya yar da riga, ya zari mashin kifi. Sai Miza ta sha gabansa, ta buɗe hannuwa.

"Kawu, ba za ka shiga ba!"

"Kauce, 'yar banza! Soyayya ta makantar da ke, ana kashe ƙanenki?"

"Ba kashe shi yake ba, tsayuwa ce! Wanda ya daɗe a ƙasa dole ya tsaya a nan jininsa ya huce. Yatsu goma ya nuna, minti goma ke nan!"

"Gaskiya ta faɗa!" in ji Madam Neema daga ɗaya jirgin, ruwa na ɗiga daga gashinta. "Mama, ki yi haƙuri, haka ake yi. Lyimo, aje bokitin nan ka duba agogo!"

"Saura... saura minti bakwai," in ji Mista Lyimo, fuskarsa kamar ganyen ayaba.

Mama ta kama wuyan rigar Miza. Miza ta durƙusa ta riƙe ƙafafunta.

"Mama, ban taɓa saɓa miki ba. Ki ba ni minti bakwai. In Shaame bai fito lafiya ba, na bar Vuai har abada, ki kuma tsine min. Amma in Kawu ya raba su yanzu, wallahi yau za mu sake tona yashi!"

Da Mama ta ji an ambaci yashi, sai hannunta ya saki. Ta zauna a bakin jirgi, ta kama mashin Kawu da hannu ɗaya, tana kallona ta cikin ruwa, leɓunanta suna motsi. Mista Lyimo yana ƙirga da ƙarfi. Biyar. Uku. Ɗaya.

A ƙasa ni ma na gaji da faɗa. Na bi numfashin Vuai, in ya ja in ja, in ya saki in saki. Sannan ya ɗaga babban yatsa, muka fito.

Kafin in ce uffan Mama ta wanke ni da mari, sannan ta rungume ni har na fi shan wuya a hannunta. Aka sa min wata iska ta asibiti da suke ajewa a jirgin baƙi. Madam Neema ta juyo agogon auna iskar tukunyar Vuai ta nuna wa Kawu. Allurar tana kwance a ƙarshen ja. Numfashi kaɗan ya rage mana, mu biyu.

Kawu ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Hm." Ya mai da rigarsa a bai-bai.

A gida Mama ta kwantar da ni a inuwa, ta zauna a gefena. Jim kaɗan sai ta matsa gwiwata.

"Tana cizo?"

"A'a, Mama."

"Motsa yatsunka in gani."

Haka muka yi har aka kira la'asar, irin lokacin da ƙafafun Yaya suka mutu. Na miƙe da ƙafafuna, na yi alwala, na ta da salla. Ina jin kukanta a bayana, amma ba irin na shekara biyun nan ba ne.

Da na sallame ta fita ƙofar gida. Vuai yana zaune a dakali tun azahar, fuskarsa duk sawun farcena.

"Vuai."

"Na'am, Mama."

"Da Faki ya tsaya haka, da yana nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Rai na Allah ne, Mama. Na faɗa masa sau ɗaya, ya yi min dariya, na ji kunya na yi shiru. Ban nace ba. Abin da ke cina ke nan."

"To ka nace wa saura." Ta share ido da gefen zane. "Yau ina kifina?"

"Mama, ai yau Laraba ce. Kuma kyanwa..."

"Kyanwa ta ƙoshi, ɗana. Gobe ka kawo, ni zan dafa. Ka zo da manyanka su ci."

Guɗar da Miza ta saki daga bayan ƙofa, har kaji sai da suka watse!

Bayan girbin kanumfari aka ɗaura aure. Madam Neema da mijinta sun dawo takanas, Mista Lyimo ya yi rawa kwana biyu, ya ce shi dai duk abin da za a yi a tudu a kira shi. Yanzu duk Asabar masu jongo suna zama gaban Vuai a bakin ruwa, Kawu Pandu a sahun gaba. Wanda kuma ya yi wa mai tsayuwa dariya, da Mama zai gamu. Ni ma na fara kwas. Ɗan farin Miza sunansa Faki.

Har yau in na wuce wurin da aka tona yashin nan ƙirjina yakan yi nauyi, wannan ba zai tafi ba. Amma ku 'yan'uwana matasa, ku riƙe wannan daga wanda ya gani da idonsa. Gaggawa ta ɗauke mana Yaya, haƙurin minti goma ya dawo da ni, haƙurin shekara biyu ya ba Miza mijinta da albarkar uwarta a kai. Ba duk mai riƙe ka ne maƙiyinka ba. In kana hango haske kana ɗokin isa, ka tsaya inda aka ce ka tsaya. Saman ba ya gudu.