Tiyatar Da Ba Ta Bar Tabo Ba

Auta na zaune a ƙofar ɗakin marigayi mahaifinta, fuska a kumbure, haƙora ɗaure da 'yan robobi, kayanta ƙulle cikin zani a gabanta. Kwana uku da sallamo ta daga asibiti, ko barcin kirki ba ta samu ba, yau kuma ana shirin korarta daga gidan ubanta... Wayyo maraici!

Tun tana ƙarama muƙamuƙinta na sama ya shige ciki, haƙoran sama da na ƙasa ba sa haɗuwa. Loma ɗaya sai ta yi ta juya ta a baki kamar tsohuwa, magana kuwa sai an ce ta maimaita. Ranar da asibiti ya kira ta don a yi mata tiyata, Baffa, ƙanen mahaifinta, yana can kan hanya da babbar motar da yake tuƙawa. Matarsa ce ta kai ta, ta dangwala yatsa a takardar amincewa, ta juya ko waiwaye babu. Matar nan ta daɗe tana kwaɗayin ɗakin Auta, don haka Baffa na dawowa ta tare shi da kukan munafunci.

"Kwana biyu ba ta kwana gidan nan ba, wai tiyata! Dubi fuskar, ina ɗinki? Ina tabo? Ni da aka yi wa aiki ga shaida a cikina har gobe! Yawonta ta tafi, wani ɗan iska ya kumbura mata fuska!"

"Baffa... ta ciki aka yi..." Auta ta faɗa, amma robobin suka cinye maganar. Ta kai hannu za ta ɗaga leɓe, azaba ta mayar da ita, sai hawaye. Ya Allah, kai kaɗai ne gatana!

"Tashi, asibitin za mu," in ji Baffa. "In ƙarya ce, daga can ki san inda kika nufa."

Likitar da ta yi aikin ta saurare shi har ya gama, sannan ta ɗaga hoton ƙashi ga haske.

"Malam, 'yar ƙaramar tsaga muka yi ta cikin leɓe, ba ta kai tsawon yatsa ba. Ta nan muka matso da ƙashin gaba, ga 'yan ƙarafan da suka riƙe shi. Don kada ta sha wuya muka yi haka, ashe a gida wuyar ke jiranta!" Ta tura masa takarda. "Ga sunan wadda ta kawo ta, ga yatsanta."

Baffa ya karanta, sai ga sunan matarsa.

Suka iso gida suka tarar matar har ta jera kwanukanta a ɗakin Auta. A gaban maƙwabtan da ta gama yi wa shela Baffa ya watso su tsakar gida.

"Tattara ki tafi gidanku! Marainiyar yayana za ki yi wa ƙazafi?"

Ta fita tana jan takalmi, ba wanda ya ce mata sannu. Baffa ya durƙusa gaban Auta, babban mutum yana kuka kamar yaro.

"'Yata, ki yafe mini. Faɗi abin da kike so."

Auta ta daɗe tana dubansa, ko ƙarfin murna ba ta da shi.

"Na yafe, Baffa," ta ce a hankali. "Ni dai a bar ni in shiga ɗakina in kwanta."