Tausar Ɗan Fari

Hantsi ya dubi ludayi lokacin da Hamida ta shimfiɗa tawul a kan gado ta kwantar da Abbati. Ɗansu ne na fari, bakwaini, ɗan ƙarami kamar a sa a aljihu. Mijinta Sanda, tela ne a kasuwar Ƙaura Namoda, kullum sai an gama tausar nan yake fita shago.

Nas ɗin da ta sallame su daga asibiti ce ta koya musu su biyu. Ta ce su murza man kaɗe a tafin hannu har ya yi ɗumi, su fara daga cinya zuwa tafin ƙafa, sannan hannuwa, sannan su zagaya cikin a hankali. Ban da bayan ya sha nono, kuma in ya yi kuka su dakata. Ta ƙara da cewa su riƙa kallon idonsa suna yi masa magana.

Hamida na shafa cikin tana yi masa 'yar waƙa, Sanda na murza 'yan yatsun ƙafarsa, sai labule ya ɗaga. Inna Larai ce, mahaifiyar Sanda.

"Mi nika gani haka?" ta ce. "Ɗan fari ne kuka tasa gaba kuna yi mai waƙa? Ina kunya ta tafi?"

Sanda ya ce, "Inna, nas ce ta ce—"

"Nas ta haife ka? Ni da na haife ka, ka taɓa jin sunanka a bakina?"

Gaskiya ta faɗa. Sanda ne ɗanta na fari, har yau Dogo take ce masa. Ta sunkuci Abbati ta wuce ɗakinta, ta ce daga yau wurinta zai zauna, sai shan nono kawai za a riƙa kai shi.

Magana ba ta kwana ba ta kai Gurbin Ɓore, garin su Hamida. Mahaifiyarta ta bugo waya ta ce ta zubar musu da mutunci a gidan surukai. Hamida ta kashe wayar ta yi kuka mai isarta.

Abbati ya koma yawan kuka, cikinsa ya riƙa kumbura. Da aka kai shi awo, nas ta duba sikeli ta ce bai ƙaru yadda ake so ba. Sanda ya dawo ransa a ɓace.

"Shirya kayanki," ya ce. "Na yi magana da wani abokina, akwai ɗakin haya a Shinkafi. Mu ɗauki yaronmu mu tafi."

"Ba zan raba ka da Inna ba," in ji Hamida. "Ita ma sonshi takai. Yadda aka yi mata ne take yi."

"To mu zuba ido yaro ya lalace?"

"A'a. Ka bar ni da ita."

Washegari ta ɗauki kwalbar man ta je ƙofar Inna ta durƙusa. Abbati na ta tsala kuka a bayan tsohuwar.

"Inna, tunda mu bai kamace mu ba, ke ki yi mai. Ga man."

Inna ta kwance goyon. Hannunta ya saba da dakan gero, tana kama ƙafarsa ya ƙara ƙanƙamewa. Ta sassauta, ta sake gwadawa, kukan bai tsaya ba. Zufa ta keto mata.

"Matso ki gwada min," ta ce, ba ta dubi Hamida ba.

Hamida ta murza man a hannu, ta bari kukan ya lafa, ta ɗora tafinta a cikinsa tana kiran sunansa ƙasa-ƙasa. Yaron ya saki iska, ya miƙe ƙafafu, ya kafe ta da ido. Ba a jima ba barci ya ɗauke shi.

Inna ta daɗe tana kallonsu. Daga nan ta miƙe ta ɗauki tabarmarta da carbi.

"Kai shi ɗakinku. Ki kira Dogo ya kama miki. Amma ku saki labule, abin da ban gani ba ban san da shi ba."

Tun daga ranar, duk hantsi Inna ke shimfiɗa tabarma a bakin ƙofarsu. Duk maƙwabciyar da ta shigo sai ta tare ta da hira, ta ce masu ɗakin ba su tashi ba. Abbati ya yi kumatu, a awo na gaba nas ta yi musu barka. Maganar Shinkafi ba ta sake tashi ba.

Kunya ado ce, amma ba ta kai lafiyar yaro ba. Kuma abin da faɗa ba zai karɓo daga hannun iyaye ba, ladabi da haƙuri suna karɓo shi, har a samu mai gadi a ƙofa.