Mutumin da Ke Ƙarƙashin Fiffike

Da hantsi aka kai rahoto caji ofis: an zare hoto daga firam a ɗakin wata tsohuwa.

Sufeto ya same ta zaune a bakin gado, firam ɗin na kan cinyarta.

"Mijina ne, shi kaɗai, tsaye gaban jirginsa na yaƙi," in ji ta. "Ba ni da wani hoton nasa. Fuskar ma ta fara ɓace mini."

Mutum biyu ke shiga ɗakin: jikanta, da nas ɗin da ke mata allura.

Jikan ya rantse a makaranta ya wuni. Da Sufeto ya ce zai kira makarantar, sai ya sosa ƙeya.

"Gidan kallon ƙwallo na je, yallaɓai. Don Allah kar Kaka ta ji."

A wayar jikan akwai wani tsohon hoton kakar, ga firam ɗin a bango bayanta, dishi-dishi.

Da Sufeto ya tambayi nas, ta amsa a tsaye, da jaka a hammata.

"Ni me zan yi da hoton mutum biyu da tsohon jirgi?"

Sufeto ya karɓi wayar jikan. Ya kai wayar wurin wani sojan sama mai ritaya. Dattijon ya sa tabarau, ya faɗaɗa hoton da yatsa.

"Farfela ɗaya, fiffike a ƙasa. Ka ga farin nan a hancinsa? Zanen shamuwa ne, tambarin rukuninmu. A wurinmu kuma matuƙi ba ya hoto sai da makanikensa. Duba nan."

A ƙarƙashin fiffiken akwai inuwar mutum a tsugune.

"Dogo ke nan. Gobarar inji ta kashe shi, ya bar matarsa da ciki."

Da la'asar Sufeto ya tare nas a ɗakin tsohuwar.

"Mai hoton ta ce mutum ɗaya. Ke kin ce biyu. Wa kike kallo a ciki?"

Nas ɗin ta sauke jakarta daga hammata. Sannan ta buɗe jaka, ta ciro hoton daga cikin auduga.

"Babana ne. Ban taɓa ganin fuskarsa ba. Innata ta ce dogo ne, jirgi mai shamuwa yake gyarawa. Kullum ina allura ina kallonsa, kunnuwansa irin nawa."

"Me ya hana ki roƙa?"

"In ta hana ni fa?"

Tsohuwar ta karɓi hoton, ta kai shi dab da ido.

"Shekara da shekaru yana ɗakina ban gan shi ba," ta ce a hankali.

An riga an buɗe fayil, dole nas ta je ta ba da bayani. Wani kofur ya buɗe mata ƙofar mota.

Tsohuwar ta ƙwala wa jikanta kira.

"Kai, ɗan ƙwallo! Kai wa mai hoto ya wanke biyu. Ke kuma 'yar Dogo, allurata ta gobe da safe ce. Kar ki makara."