Ɗan Aiken da Oddur Ya Kira

Rana ta kusa shigewa bayan duwatsu lokacin da Oddur ya tayar da tsohuwar a-kori-kurarsa, littafin laburaren da zai mayar yana kujerar gefe. Alhamis ce, ranar da masu karatun ƙauyen ke haɗuwa a gidan Hrefna, matar da ke riƙe da laburaren, kowa ya faɗi yadda ya ga littafin watan. Ya bar yayarsa Steinunn a ɗakin yanka. Da safe suka yanka ragunan da za su ci a lokacin sanyi, ita kuma ta ce ba za ta kwana da kawuna ba a babbake ba. Su biyu kaɗai suka rage a gonar tun rasuwar iyayensu, ita ce mai aiki, shi ne mai baki.

Hanyar tana bin bakin teku. Babu gida, babu bishiya, sai duwatsu baƙaƙe da gungumen itacen da ruwa ke kawowa daga ƙasashen da ba wanda ya taɓa zuwa.

Ya tarar an zuba kofi, an jera fanke da busasshen kifi da man shanu. Littafin watan na wani ɗan babban birnin Reykjavik ne, Asgrimur Vagnsson, a kan haruffan kakanni da ake kira run da zanen tsafin da ake yi da su. Malamin makaranta ya ce zanen sun yi kyau amma marubucin bai faɗi inda ya samo rabinsu ba. Matar limamin coci ta ce ita ko ɗaki ba ta shiga da shi ba, a mota ya kwana mata. Wata yarinya mai aiki a masana'antar kifi ta ce ai don 'yan yawon buɗe ido aka rubuta shi, masu zana abin da ba su sani ba a damtse.

Oddur ya bar su suka gama, don shi dai yana son a ce nasa ne na ƙarshe. Sannan ya buga littafin a tebur har kofuna suka yi ƙara. Ya ce mutumin maƙaryaci ne, ɗan birnin da bai taɓa jin warin tunkiya ba, yana sayar da kakannin mutane a takarda mai sheƙi. Ya ce shi ba da baki kawai ya zo ba, ya gwada. Akwai wani zane a littafin da aka ce yana kiran wanda teku ta ci, ya taso ya zama ɗan aike, ka ba shi suna ya je ya kashe maka. Shi kuwa ranar Lahadi ya ɗauko katakon da ruwa ya kawo, ya sa wuƙa ya sassaƙa zanen layi bayan layi yadda aka nuna, ya zauna bakin ruwa yana jira. Mura kaɗai ta zo masa.

Aka kwashe da dariya. Hrefna ta ce ai littafin ya ce busasshen zane barci yake, sai ya sha jini yake farkawa. Oddur ya ce shi bai yi haukan da zai yanka yatsa don ɗan birni ba. Ta tambaye shi ina katakon yake. Ya ce ya wurgar da tsiyar a bayan ɗakin yanka.

Hrefna ta ajiye butar kofi a hankali.

"Oddi," ta ce, "yaushe Steina ta taɓa ganin katako a ƙasa ta wuce?"

Gaskiya ta faɗa. A ƙasar da bishiya ba ta fitowa, ba a yar da itace. Kakarsu ta raine su da duka a kan tsinken da suka jefa wa ruwa. Steinunn kuwa ta fi kakar, ko murfin akwatin kifi ta tsinta sai ta wanke ta yi masa aiki. Kuma tun jiya take mitar allon da take ɗora nama ya tsage.

Ya yi ƙoƙarin yin dariya, dariyar ta ƙi fita. Ya ce bari ya je ya duba ko ta gama, ya fita ko hularsa bai ɗauka ba.

Duhu ya fara sauka a kan ruwa. Ya kira wayar Steinunn, tana shiga ba a ɗauka. Ya ce wa ransa hannunta ne da maiƙo. Ya ce wa ransa shi Oddur ne, bai yarda da shirme ba. Amma ƙafarsa ba ta ɗaga daga kan totur ba.

A kwanar da ake hango gonarsu fitilar motar ta haska wata jiƙaƙƙiyar hanya. Ta fito daga cikin teku, ta haye duwatsu, ta tsallaka titi, ta miƙe zuwa gida. Ba sawun ƙafa ba ne sosai, kamar an ja buhun da ya sha ruwa. Ciyawar teku a warwatse a kai, sabuwa, tana sheƙi.

Ya kashe mota a ƙofar gida.

Karensu bai yi haushi ba.

Tumakin da ke garke, waɗanda tun safe suke kuka saboda warin jini, sun yi tsit. Abin da yake ji kawai shi ne hucin wutar gas da ake babbaka da ita, fuuu, ba ta motsi, kamar an ajiye ta a ƙasa. Ƙaurin gashi ya cika tsakar gida. A ƙarƙashin ƙaurin akwai wani wari, na kifin da ya ruɓe a cikin kwale-kwale.

Ya yi tuntuɓe da karen a bakin ɗakin yanka. Kansa yana kallon bayansa.

"Steina," ya kira, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Ya tura ƙofa.

Katakon ne a kan tebur. Ta kankare shi tas, baiwar Allah, ta jera kawunan raguna a kai. Jinin ya bi ramin zanen ya cika kowane layi, zanen ya fito ja wur.

Steinunn tana jikin bango, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa.

Abin da ya riƙe ta gajere ne, kumburarre, sanye da rigar fata irin ta masuntan da. Hannu ɗaya ya sa mata a wuya. Ruwa na zuba daga hannun rigar yana bin ƙirjinta. Bai juyo ba. Ya kai fuskarsa kusa da tata, ya yi magana, muryar tana fitowa da kumfa.

"Wa?"

Ya ɗan sassauta yatsu don ta amsa. Ta ja numfashi da ƙara, ta girgiza kai. Ya sake matsewa.

Oddur ya tuna shafin da ya yi wa dariya. Ɗan aike ba ya komawa hannu rabbana. Ko ka ba shi sunan mai rai, ko ya tafi da wanda ya shayar da zanen.

Ya fizgi wuƙar fiɗa ya soka masa a baya har ƙota. Wuƙar ta shige kamar cikin jiƙaƙƙen burodi. Ruwan sanyi ya feso masa a fuska, da yashi, da wasu ƙananan abubuwa masu motsi. Ya zare ya sake sokawa, ya sake, yana zagi. Abin ya miƙo ɗaya hannun ta baya ba tare da ya waiwaya ba, ya kama damtsen Oddur ya murɗe.

Ya ji ƙashin ya ce ƙas kafin zafin ya iso.

Aka yi jifa da shi, ya faɗa kan bokitin kayan ciki, haƙorinsa ya fasa leɓe. Ya rarrafa a cikin jini da tumbi, ya jawo wutar gas da hannun da ya rage, ya miƙe ya kafa wa abin a gefen kai. Fata ta yi tsuwa. Tururi ya tashi mai ɗoyi. Sai a lokacin ya juyo.

Kifaye sun riga sun cinye leɓɓan da idanun. A cikin ramin ido ɗaya wani abu ya leƙo ya koma.

Ya buge Oddur a ƙirji, haƙarƙari suka ba da sauti. Wutar ta faɗi ta mutu.

Oddur ya ja jiki zuwa tebur. Gatari na nan jingine. Ya ɗaga da hannu ɗaya ya sari katakon, kawunan raguna suka zube suna birgima. Ya sake sara. Gatarin ya kafe, ruwan gishiri ya ɓulɓulo daga saran, zanen ko gezau.

"Wa?"

Fuskar Steinunn ta koma baƙa. Dugaduganta sun daina dukan bango. Idanunta na kansa, jajaye, kuma ya san abin da take ce masa da su. Matar nan ko ɓera ta kama a rumbu sai ta kai shi waje ta saki. Ta gwammace ta mutu da ta ambaci ɗan wani.

Amma ita ce ta goya shi. Ita ce ta ƙi aure ta zauna ta riƙe gonar. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa sani ba, tsoron gidan nan babu ita.

Sunaye suka riƙa zuwa masa. Malamin makaranta, mai 'ya'ya ƙanana. Maƙwabcinsu da suka yi shekaru suna rigimar shinge, amma shi ya haƙa kabarin babansu. Hrefna. Duk wanda ya tuna, ya ci abinci a gidansa. Ƙauyen ya yi ƙanƙanta da za a samu wanda ba a sani ba.

Hannun Steinunn ya saki, ya faɗi gefenta.

"Asgrimur," in ji Oddur, jini na bin haɓarsa. "Asgrimur Vagnsson. Yana Reykjavik."

Yatsun suka buɗe. Steinunn ta zube kamar wanki.

Abin ya wuce ta gabansa, kafaɗarsa ta goge shi, sanyin ya shiga har ɓargo. Ya ji jan ƙafarsa a tsakar gida, a kan tsakuwa, a kan titi. Daga nan sai ƙarar ruwa, sau ɗaya.

Steinunn ta yi tari. Oddur ya rungume ta da hannu ɗaya yana kuka kamar yaro, ita kuwa ta kawar da fuska.

A asibitin gari suka ce rago ne ya tunkuye shi, ita kuma igiya ce ta shaƙe ta. Likitan ya kalli shatin yatsun da ke wuyanta, ya rubuta abin da suka faɗa. Muryarta ba ta dawo ba sai raɗa.

Suna can aka faɗa a rediyo cewa an tsinci gawar wani marubuci a ɗakinsa, a saman bene, ƙofa a kulle ta ciki. Huhunsa cike da ruwan teku. Aka ce ya bar mata da jaririya. Steinunn ta miƙa hannu ta kashe rediyon, daga ranar ba ta sake zama tebur ɗaya da ƙaninta ba.

Katakon ya ƙi ƙonewa. Ya jefa shi teku, ruwa ya dawo da shi. Ya binne shi, ya bar shi a nan, ya ce ai an gama.

Ba a gama ba. Kafin ƙanƙara ta rufe hanya, wata yamma yana ba tumaki ciyawa, suka yi tsit gaba ɗaya. Warin ya shigo garke. Ta tagar kicin yana hango Steinunn tana wanke kwanuka, ba ta san komai ba. Daga bayansa, kusa da kunne, aka tambaye shi da kumfa a murya. Aiki ya ƙare, ɗan aike ya dawo neman wani.

Masu karatu suna nan suna haɗuwa ranar Alhamis. Oddur yana zuwa, ya zauna a lungu da shanyayyen hannunsa, ba ya cewa littafi ya yi kyau, ba ya cewa bai yi ba. Amma duk ƙauyen babu mai aron littafi kamarsa yanzu. Yana cika jaka, na girki, na waƙa, na kiwon zuma, duk wanda hannunsa ya kai, ya dawo da su ko buɗewa bai yi ba.

Hrefna ta daɗe tana lura. Wata rana da zai karɓi wani, ta riƙe gefen littafin ba ta saki ba, ta tambaye shi me yake yi da su tunda ba karantawa yake ba.

Bai kalle ta ba. Yatsansa na kan sunan marubuciyar da ke bangon littafin.

"Wannan," ya ce a hankali, "tana raye?"