Bishiyar Kakanni a Bakin Jirgi

Da hantsi kwale-kwalen 'yan sanda ya tsaya a gaɓar Marovo. Sufeto Delson Ringi ya sauka, ya tarar an ɗaure wani mutum a jikin kwakwa, matasa sun kewaye shi da adduna.

Dagaci Kuve ya tare shi. "Ɗana, an sare bishiyar kwila, wadda ke inuwantar da ƙoƙunan kan kakanninmu. Wannan baƙon, Maesua, shi ke riƙe zarton kamfanin katako."

"A ba mu shi kawai, Kawu!" in ji Pana, ɗan 'yar'uwar dagacin. Muryarsa ta fi ta kowa.

Ringi ya ce, "Ku kwance shi. Wanda ya taɓa shi, a kurkukun garin Gizo zai kwana."

Maesua ya ce shi ya sare, amma da umarni. Manaja ya nuna masa bishiyar, an riga an shafa mata jan fenti.

A filin gumagumai ana ta lodin jirgin ruwan da zai tafi ƙasar Sin. Manaja Lau ya yi murmushi.

"Duk kayanmu tsofaffi ne, Sufeto. Sun daɗe a nan."

Ringi ya shafa bakin wani ƙaton gungume, ya nuna masa tafin hannunsa, jajir da ruwan itace.

"Tsohon naka har yanzu jini yake yi. Kada a ɗora shi. Wa ya ba ku izini?"

"Wani mai ƙasa. Ni fuskokinku duk ɗaya nake gani."

"Za ka koyi bambancewa a ofishinmu."

Ringi da dagacin suka hau tudun da aka sare bishiyar. A kan kututturen akwai toka, da ragowar tuwon gwaza da aka ƙona cikin ganye.

"Baba, wa ke yin wannan?"

Tsohon ya ce, "Ban-haƙuri ne ga kakanni. Ɗan gida kaɗai ya san shi. Wanda ya ƙona kuwa, ba ya sa hannu a akushi ɗaya da dangi sai sabon wata ya tsaya. In ya sa, ya jawo musu mutuwa."

"To, a dafa abinci," in ji Ringi.

Aka kawo kifi da gwaza a dogon akushi. Mazan dangi suka zauna, kowa ya miƙa hannu. Pana ya tsaya daga baya.

"Malam mai babbar murya, bismilla," in ji Ringi.

"Na ƙoshi."

"Loma ɗaya. Ga 'yarka a gefen akushi, ci tare da ita."

Pana ya dubi yarinyar. Hannunsa ya ɗaga, ya koma.

"Ci mana!" in ji dagacin.

"Ba zan iya ba, Kawu." Ya durƙusa. "Ni na shafa fentin. Lau ya ce masu saye manyan gumagumai suke so, kuma zai sa ni wakilin ƙasa. Na ba kakanni haƙuri, na ɗauka shi ke nan."

"Ka ba matattu haƙuri, ka miƙa mai rai ga adda," in ji Ringi, yana sa masa ankwa.

Aka wuce da shi da Lau zuwa kwale-kwale. Dagacin ya matsa gefe, ya buɗe wa Maesua wuri a bakin akushi.